Amsa ga mai tambaya a kan rage tumbi kaɗai

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko akwai hanyar da za ki sauke tumbi ba tare da ƙugunki ya zube ba, kuma da na karanta sai na ji kamar ni ce na rubuta, domin bayan haihuwata ta huɗu abin da ya hana ni barci ke nan.

Ba zan manta da wani suna a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim ba, inda facalata ta dafa cikina a gaban mata ta ce, "Ke kuma yaushe za mu zo naki?" alhali ta san goyona bai kai wata bakwai ba. Aka kwashe da dariya, ni kuwa na tashi na bar kwanon wainata a kan tabarma. Zafin maganar nan ne ya kai ni hannun wata mai sayar da shayin rage tumbi, wadda ta karɓe kuɗin adashina kaf. Kwana tara na yi ina gudawa har ruwan nonona ya ja baya, ashe filasko ne aka daka aka ƙulla, tumbi kuwa yana nan daram. Na bar ta da Allah.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fahimtar da ni cewa jiki ba ya zaɓar kitsen wurin da ake motsawa. Idan yana buƙatar ƙarfi, sai ya narko kitse daga ko'ina ya biyo da shi ta jini, kuma gado da sinadaran jiki ne ke da ikon inda zai fara raguwa. Tun a 1971 aka auna hannayen 'yan wasan tanis a Amurka, aka tarar hannun da suke bugu da shi bai fi ɗayan ƙarancin kitse ba. Mu ma ai shaida ne, shekara nawa muke surfe da daka, amma damatsan wasunmu suna nan da kitsensu?

Ki ajiye ɗamarar nan ta matse tumbi, gumin da take fitarwa ruwa ne kawai. Ni malmala na rage daga uku zuwa biyu, na ƙara kwaɗon zogale, na daina zuba sukari a fura, sannan nake tafiyar minti 30 kwana biyar a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ba zan ɓoye miki ba, fuskata ce ta fara faɗawa, ƙugun ma ya ɗan ragu, tumbi ne ya zo ƙarshe. Ki kuma je a duba ko naman cikinki ne ya rabu saboda juna biyu, domin wannan ba kitse ba ne.