Hekta ɗaya ta itatuwan katako: akwai riba kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gonar gado hekta ɗaya a wajen Dakace, ƙasar ta gaji, masara ba ta yi sai an zuba taki da yawa. Idan na dasa itatuwan katako zan ci riba? Daga mai karatu, Tudun Wadan Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Akwai riba, amma a hekta ɗaya sandunan gini za ka nufa, ba falankin katako ba. Itacen tik (teak), wanda ake yin falanki da shi, sai ya shekara 20 ko fiye, kuma ya fi yi a kudancin Kaduna, irin su dajin Nimbiya, inda ruwa ya fi namu. Mu nan abin da ke sauka milimita 1,000 ne da 'yan kai a shekara. Maɗaci kuwa na jikoki ne. Itacen turare (eucalyptus) shi ya dace da kai: a shekara 5 zuwa 6 ya kai sandar da magina ke tokare bene da ita lokacin zuba kankare, kuma in an sare shi kututturen yana sake toho.

Ka dasa a watan Yuni ko Yuli, mita 3 tsakanin dashe da dashe, layi da layi ma haka, wato kimanin 1,100 a hekta. Ka ƙara 100 ko 200 na cike gurbi. Tashar binciken gandun daji da ke Samaru ce wurin neman shawara kan iri. Shekara biyun farko ka shuka gyaɗa ko wake a tsakani, su biya kuɗin noma.

Gara ce ke karya mutane. Tana cin saiwar turare tun yana ƙarami, ka ga ganye ya yanƙwane, ka ja shi ya fito ba saiwa. A zuba maganin gara a ramin dashe. Sai wutar daji: da kaka ta yi, a share ciyawa faɗin mita 4 kewaye da gonar, kafin hunturu. Awaki ma sai da shinge.

Wajen sayarwa, dillali zai so ya saye gonar a tsaye, kuɗi ɗaya. Kada ka yarda. Ka ƙirga itatuwan, ka auna kaurinsu daidai ƙirji, ka ware manya da ƙanana, ka je 'Yan Katako a Sabon Gari ka ji farashin sanda, ka cire kuɗin mai injin yanka da na mota, sannan ku yi ciniki. Takardar izinin sara daga ma'aikatan gandun daji, a rubuta tun farko wa zai biya ta.