Tambayi Likita: Wai da likitoci ne ke rubuta wa majinyata giya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibin aikin jinya ne. Malaminmu ya ce a da likitoci da hannunsu suke rubuta wa majinyaci giya. Gaskiya ne ko zolaya yake yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Malaminku bai zolaye ku ba. Kafin a samu maganin sa barci, in za a yanke wa mutum ƙafa, abin da likita ke da shi bai wuce giya mai ƙarfi da ofiyom, wani maganin kashe zafi mai sa maye, ba, sai kuma ƙarti da za su danne majinyacin. Gwanin tiyata a lokacin shi ne mai saurin hannu. Sai a ranar 16 ga Oktoba, 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa sinadarin eta na iya sa mutum barci a yi masa aiki bai sani ba. Daga nan kwalbar giya ta fara barin ɗakin tiyata.

Akwai labarin da nake son ɗalibai su riƙe, domin a kansa mutane ke yawan yin tuntuɓe. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe mutum sama da 600. Dakta John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya gano famfo ɗaya ne a titin Broad. A kan titin kuwa akwai masana'antar giya, ma'aikatanta kuma suka tsira. Mai gaggawa zai ce ai giya ce ta kare su. Ba ita ba ce. Ana ba su giya a wurin aiki, masana'antar kuma tana da rijiyarta, don haka ba su sha ruwan famfon ba. Da ruwa mai tsabta suka samu, da hakan za su tsira. Snow bai ce a raba wa jama'a giya ba, hannun famfon ya sa aka cire.

Ko a lokacin da Amurka ta haramta giya, daga 1920 zuwa 1933, doka ta bar wa likita damar rubuta wa majinyaci wiski kusan rabin lita duk kwana goma. Ba sai na gaya maka yadda "marasa lafiya" suka yawaita a shekarun ba. Alhali tun 1849 likitan Suwidin Magnus Huss ya bayyana yawan shan giya a matsayin ciwo mai zaman kansa, mai lalata hanta da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Likita, tunda sifirit da man goge hannu suna kashe ƙwayoyin cuta, me zai hana su kashe na cikin jiki in an sha?

Amsa: Malam, don Allah ko da wasa kada ka gwada. Sinadarin barasa na kashe ƙwayar cuta ne in ya taɓa ta da ƙarfin kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari. Mai kashi 70 ma ya fi tsantsarsa aiki, domin ɗan ruwan da ke ciki yana taimaka masa ya ratsa ƙwayar kafin ya bushe. A jinin mutum kuwa, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai cika kaiwa ba mutum yake mutuwa. Ka ga mai gida zai riga ɓarawon tafiya.

Sannan sifirit ɗin da ake gogewa da shi ba irin na sha ba ne, wani ma da metanol a ciki. Hanta tana mayar da metanol guba mai cinye jijiyar ido, mutum ya makance ko ya rasu. A 2020, da korona ta shigo, ɗaruruwan mutane suka mutu a Iran bayan sun sha irin wannan da zaton rigakafi ne. Kuma kada a riƙa tsiyaya shi cikin buɗaɗɗen rauni, yana ƙona naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi.

Af, kalmar "alcohol" da Turawa ke kiran sinadarin barasa da ita daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwalli. Da farko duk garin da aka tace ya yi laushi ake nufi, daga baya sunan ya koma kan ruwan da aka tato daga giya.

Tambaya: Na gani a Facebook wai kofi ɗaya na jar giyar inabi kullum yana gyara zuciya. Yaya abin yake?

Amsa: 'Yar'uwa, maganar ta yi tashe ne a farkon shekarun 1990, da aka lura Faransawa na cin maiƙo sosai amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, sai aka jingina abin ga giyar inabi. Daga baya aka gano gurguncewar binciken da yawa: cikin waɗanda aka lissafa a "marasa sha" akwai tsofaffin mashaya da ciwo ne ya sa suka daina. In ka gwada mai shan kaɗan da wanda jinya ta riga ta kayar, dole mai shan ya fito kamar ya fi lafiya. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, rukuni ɗaya da taba. Sankarar baki, maƙogwaro, hanta, hanji da ta mama duk suna cikin waɗanda giya ke jawowa. A Janairun 2023 hukumar ta ce babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Ni ban taɓa rubuta wa mai ciwon zuciya ita ba.

Tambaya: Likita, maigidana ya daɗe yana sha kullum, yanzu ya ce zai bari lokaci guda. Na ji daɗi, amma jiya hannunsa na ta rawa, gumi na karyo masa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙarfafa masa gwiwa, amma ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe. Jikin da ya saba da giya shekara da shekaru, in an yanke masa ita farat ɗaya, ƙwaƙwalwa na iya birkicewa. Rawar hannu da gumi su ne somin-taɓi. Kwana ukun farko bayan kofin ƙarshe ne aka fi jin tsoro: farfaɗiya, zazzaɓi, ganin abin da babu, kuma yana kisa in ba a kula ba. A asibiti za a ba shi magani mai kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hantarsa da sukarin jininsa. Ki gaya wa likitan gaskiyar yawan abin da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe, kada kunya ta sa ki rage, domin da wannan za a auna maganin. In ya fara fizge-fizge ko sambatu kafin ku isa, ki kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki.