Shin da gaske Barth ne ya gano kogin Binuwai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Yarona ya dawo daga makaranta yana ta haddar cewa wani Bajamushe mai suna Barth ne ya gano kogin Binuwai a 1851. To kakanninmu fa, da suke haye kogin nan da kayan fatauci tun ba a haife shi ba? Me ya gano?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kana da gaskiya. Ranar 18 ga Yuni 1851 da Heinrich Barth ya iso bakin ruwan, daidai inda kogin Faro ke zuba a Binuwai, yamma da Garwa, masu kwale-kwale ya tarar a gaɓa, kuma su suka haye da shi. Hatta sunan kogin a bakin mutanen wurin ya ji, ya rubuta cewa da harshen Bata ma'anarsa uwar ruwaye.

Amma kada mu tauye masa haƙƙi. Turawa sun ga bakin kogin ta wajen Lokoja tun 1830, lokacin da Lander da ƙanensa suka bi Kwara har teku. Suna ce masa Cadda, wai a zatonsu daga Tafkin Chadi yake fitowa. Barth ya taso daga Tarabulus a 1850, ya keto Sahara ta Agadas, ya sauka Kano, ya wuce Kukawa, sannan ya gangaro kudu. Yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, ana kiransa Abdulkarim. Da ya tsaya a gaɓar sai ya gane wannan ruwan ne dai Caddar da ake faɗi, ya aika wa gwamnatin Ingila, wadda ta turo shi, labari. A Yola bai yi ko mako ba Lamiɗo Lawal ya sallame shi, don ya zo da 'yan rakiya daga Barno, ga shi a lokacin ba a ga maciji tsakanin Yola da Kukawa.

Ni a ganina, babban abin tarihi ya faru ne shekara uku bayan nan, kuma da wuya ka ji malamin makaranta ya ambace shi. A da, kogunanmu makabartar Turawa ne. Cikin Turawa 48 da Macgregor Laird ya shigo da su Kwara a 1832, tara kaɗai suka koma gida. Ba kibiya ba ce ta cinye su, zazzaɓi ne. Da wasiƙar Barth ta isa Landan, sai aka turo jirgin ruwa mai tururi, Pleiad, a 1854, jagorancinsa ya faɗa hannun wani likita, William Baikie. Samuel Ajayi Crowther, wani malamin mishan Bayarabe, shi ma yana ciki. Baikie ya sa kowane Bature shan kwinin kullum, tun yana garau, ba sai zazzaɓi ya kayar da shi ba. Duk wanda ya taɓa sa kwinin a harshe ya san ɗacinsa, balle a ce ka sha shi kowace safiya alhali lafiyarka ƙalau. Suka shafe wajen wata huɗu a ruwa, suka hauro Binuwai har ƙasar Muri, ba su kai Yola ba, suka juya. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1820 wasu masu haɗa magunguna biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace shi daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka. Shansa a matsayin rigakafi ne ya tabbata a kan kogin nan namu. Abin mamaki, Baikie bai san sauro ke kawo cutar ba, sai a 1897 Ronald Ross ya gano haka a Indiya.

Sauran labarin ka san shi. Da zazzaɓi ya daina tsare hanya, jiragen 'yan kasuwa suka biyo, bayansu sojoji. Wani Bajamushe, Flegel, ya kai mafarin kogin kusa da Ngaundere a 1882, Jamusawa suka ci Garwa a 1901.

Ranar jarrabawa yaron ya rubuta 1851 yadda aka koya masa, kada a kayar da shi a banza. A gida kuwa ka ba shi labarin Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da ya yi wa Barth hidima har Tumbuktu, ya bi shi Ingila da Jamus a 1855, ya bayar da labarin abin da ya gani a can da Hausa, aka rubuta. Daga baya ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912.