Wasan DOS ya ƙi tashi, wai ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan

Malam, ka ce tsohuwar kwamfuta 486 ɗin da ka sayo a kasuwar Katako na da megabait 8 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, amma wasan DOS (tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta) na cewa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. Kada ka kashe kuɗi wajen ƙaro RAM. Kilobait 640 na farko kaɗai wasan ke nema, direbobi kuwa, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da linzami da CD, sun cinye masa wuri. Magani shi ne a ɗauke su daga wurin nan. Buɗe CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin da DOS ke karantawa in an kunna kwamfuta, ka loda masu kula da ƙwaƙwalwa: HIMEM.SYS da farko, EMM386.EXE RAM a bayansa, sannan ka sa layin DOS=HIGH,UMB. Sauran layukan DEVICE ka mai da su DEVICEHIGH, a ɗayan fayil ɗin saiti AUTOEXEC.BAT kuma ka sa LH kafin MSCDEX (na CD) da MOUSE (na linzami), don a loda su sama da kilobait 640 ɗin. Sake kunnawa ka buga MEM, umarnin da ke nuna ƙwaƙwalwar da ta rage. In saura daga cikin 640 ɗin ya kai kilobait 600, ka huta.

Sai dai ba kowane wasa ke jituwa da EMM386 ba. Ultima VII ya wahalshe ni kwana biyu nan Yamai, ina ta zargin faifan, ashe layin EMM386 ne, ina cire shi wasa ya tashi. In MS-DOS 6 gare ka, yi menu a CONFIG.SYS, zaɓi ɗaya da EMM386, ɗaya babu. Don Allah ka kwafi fayilolin biyu a disket kafin ka taɓa komai.