Masara mai ruwan lemo: da gaske tana da sinadarin bitamin A?

Malam, ka tambaya daga Kumo ko masara mai ruwan lemo da ake kawo wa manoma da gaske tana maganin ƙarancin bitamin A, kuma ko an sauya mata ƙwayar halitta ne.

Ba a sauya ba. Barbarar iri aka yi tsakanin masara da masara, ana zaɓo wadda launinta ya fi ƙarfi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ce ta yi aikin tare da abokan hulɗarta, aka fitar da irin farko a Najeriya a 2012, shekara guda bayan fitar da rogo mai ruwan ƙwai, wanda shi ma don bitamin A aka samar da shi. Launin nan alama ce ta wani sinadari da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi da yawan rashin lafiya ga yara.

Sai dai sinadarin yana raguwa idan masara ta daɗe a rumbu ko aka bar garinta a rana. A niƙa kaɗan-kaɗan, a ci tuwonta da miya mai mai, don maiƙo na taimaka wa jiki wajen ɗaukar sinadarin. Wasu na ƙin ta saboda sun saba da farin tuwo. A ganina a fara da kunun yara. Yaron da dundumi ya riga ya kama kuwa, asibiti za a kai shi.