Shayin ganye yana juya mini kai, wasu kuma ba ya yi musu komai

Tambaya: Malam, akwai shayin ganye da muke sha ni da abokaina, ana barbaɗa masa gyaɗar ƙamshi. Su lafiya lau, ni kuwa kofi ɗaya sai jiri da bugun zuciya, wani lokaci in rasa raka'a nawa na yi. Ya halatta in ci gaba da sha?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Asalin tsirrai halal ne, amma wasunsu na ɗauke da sinadarai masu taɓa ƙwaƙwalwa. Gyaɗar ƙamshi tana da wanda ake kira miristisin, mai rikita hankali idan ya yi yawa. Jikuna kuma ba ɗaya ba ne: hantar wani tana saurin narkar da sinadari, ta wani tana jinkiri, ga bambancin nauyin jiki, shekaru da magungunan da mutum ke sha.

Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa masu gusar da hankali gida uku: mai bugarwa tare da nishaɗi kamar giya, mai rikitarwa ba tare da nishaɗi ba, da mai sumarwa. Na farko ko ɗigo haramun ne, saboda hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A nan ba a sauraron mai cewa "ni ba ta kama ni". Sauran biyun an yi rangwame a ɗan abin da bai kai ga taɓa hankali ba, kodayake wasu malamai sun tsananta a kan gyaɗar ƙamshi.

To wannan "ɗan abin" da jikin wa za a auna shi? Abin da ya fi rinjaye a wurina, da jikin mai sha. Kofin da bai yi wa abokanka komai ba, kai ya kai ka ga rasa lissafin raka'a, alhali Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 43, kada a kusanci salla cikin maye har sai an san abin da ake faɗa. Don haka wannan adadin haramun ne gare ka, ko da ya halatta gare su.

Abin da ya wuce kafin ka gane, babu laifi a kanka. Sallar da ka yi hankalinka a gushe ka sake ta da sabuwar alwala. Bugun zuciyar nan kuma ka kai wa likita. Wallahu a'alam.