Takardar likita ba ta isa ta ba ki tallafin PIP ba

Malama, na karanta wasiƙarki. Abin da na fahimta shi ne kina zaune a Ingila, likitoci sun tabbatar kina da larurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da sadarwa da jama'a, tare da ciwon damuwa da fargaba, an tantance ki ta waya domin tallafin PIP, wato kuɗin da gwamnati ke ba masu nakasa ko doguwar larura, aka hana ki, kuma yanzu kina son maka wadda ta tantance ki a kotu saboda kina ganin ta rubuta abin da ba ki faɗa ba. Ban ga takardunki ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, kuma idan a Sikotland kike, tsarin can daban ne.

Kin ɗauka cewa tun da likita ya rubuta sunan larurar, hakkinki ya tabbata. A ganina, nan ne kuskuren yake. Tun da aka fara PIP a 2013, dokar ba ta biyan kuɗi saboda sunan ciwo. Abin da take dubawa shi ne yadda larurar ke shafar ayyuka goma na rayuwar yau da kullum, kamar girki, wanka, shan magani, sarrafa kuɗi da mu'amala da mutane ido da ido, sai kuma ayyuka biyu na zirga-zirga. Kowane ɓangare ana tara makinsa daban: maki 8 ke kawo ƙaramin tallafi, 12 babba. Mutum biyu na iya zuwa da takardar likita iri ɗaya, ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa, kuma doka ba ta ga an yi zalunci ba.

Sai dai ƙa'idojin 2013 ɗin suna da wani sashe da nake zaton zai fi amfanar ki. Ba a ɗaukar mutum ya iya aiki sai idan yana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a duk lokacin da ake buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na wanda mai lafiya zai ɗauka ba. Ana kuma duba fiye da rabin kwanakin shekara ne, ba ranar da kika fi jin daɗi ba. Kin ce an tambaye ki ko kina iya girki, kika amsa da e. Idan gaskiyar ita ce sai 'yar'uwarki ta tunatar da ke kafin ki shiga kicin, ko kuma kin sha barin tukunya a kan wuta har ta ƙone, to wannan amsar ta cuce ki, domin tunatarwa kaɗai maki 2 ce, sa ido kuwa 4. Masu otizim da yawa sukan amsa tambaya daidai yadda aka yi ta, ko su daure su nuna lafiya lau a gaban baƙo, su biya farashin daga baya a gida. Ya kamata mai tantancewa ta san haka ta kuma zurfafa tambaya. Ba kullum suke yi ba.

Game da fita waje, a Disambar 2017 Babbar Kotu ta soke gyaran da gwamnati ta yi don rage makin masu kasa tafiya saboda tsananin ɗimuwa, saboda haka kada a ce miki wannan ɓangaren na masu ciwon ƙafa ne kawai.

Maganar ƙarar mai tantancewar kuwa, ba na ba ki shawarar ki bi ta nan. Ba ita ta yanke hukunci ba, jami'in ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, shi ya yanke, kuma tabbatar da cewa da gangan ta yi ƙarya abu ne mai wuya da tsada wanda ba lalle ya kawo miki ko fam ɗaya ba. Kina iya shigar da koke ga kamfanin da take wa aiki, amma koken ba ya canza hukunci, ba ya kuma tsayar da wa'adi.

Hanyar da aka saba ita ce ki nemi kwafin rahoton, sannan ki buƙaci ma'aikatar ta sake duba hukuncin cikin wata ɗaya daga ranar da ke jikin wasiƙar. Idan kin makara, akan karɓa har zuwa wata 13 in akwai dalili, amma kada ki dogara da hakan. Ki bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya da misalai na gaske, ki haɗa da bayanin wadda ke kula da ke, ki bar zafin rai a gefe. Idan ba a canza ba, sai ɗaukaka ƙara da fom SSCS1 cikin wata ɗaya zuwa kotun musamman, inda alƙali da likita da masanin nakasa ke zama, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ki sani cewa kotun na duba komai daga farko ne, har tana iya rage wa wanda ke da tallafi. Wani lokaci ma'aikatar kan kira da tayi kafin zaman. Kada ki amsa a kan waya nan take, ki nemi lokaci ki nuna wa mai ba da shawara, irin na ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice, ko da yake tayi mai kyau ya fi jiran watanni.

Idan aka sake kiran ki tantancewa, dokar daidaito ta 2010 ta ba ki damar neman sauƙi gwargwadon larurarki: ki tafi da wani, ki nemi a naɗi muryar zaman tun kafin ranar. Abu na ƙarshe, ba ki ambaci matsayin zamanki a ƙasar ba. Idan bizarki ta hana cin kuɗin gwamnati, PIP na cikin abin da aka hana, kuma ki ga lauyan shige da fice kafin ki aika wata takarda.